Sunan Yankan Ajuji

Ana sallame sallar asuba Ajuji ya riga kowa fita daga masallaci. Lokacin da na biyo ta bayan gari a kan babur zan tafi wajen gini, na tarar da shi a kan jujin unguwar mahauta, ya naɗe ƙafar wando, yana sara da fartanya yana cika mangala da taki. Jakunansa biyu na tsaye suna kaɗa kunne. Bazara ce, kowa na so a kai masa taki gona kafin ruwa ya sauka. Na ɗaga masa hannu zan wuce, sai ya jefar da fartanyar ya tare ni.

Ya ce, “Khamisu, ginin nan naka zai iya jira yau?”

Na ce, “Katanga ce, ba ta gudu. Lafiya?”

“Bagwai nake so ka kai ni. Wani ƙauye can gaba da dam.”

Na san Ajuji tun ina yaro, ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba. Ban tambaye shi dalili ba, don na san dalilin. Duk garinmu, Gidan Ɗorawa, an sani.

Garinmu yana gefen Ɗanbatta, inda gida ke jikin gida, gona ke jikin gona. Ƙasa ba ta hutawa a nan. Wanda bai zuba taki ba ya yi wahalar banza, shi ya sa mai kai taki yake da muhimmanci ko da ba a gaishe shi da girma. Masu wannan aiki suna da yawa, amma na Ajuji daban ne. Ba ya haɗa maka da rairayi don mangala ta yi nauyi. Da hannu yake tsince leda da fasasshiyar kwalba da mataccen batir kafin ya loda. In ya ce gobe, goben ce. Ni magini ne, na yi aiki da masu daɗin baki har na gaji, saboda haka hannun mutum nake kallo. Hannun Ajuji bai taɓa ba ni kunya ba.

Yaran yanzu sun ɗauka don yana aiki a kan juji ake ce masa Ajuji. Ba haka ba ne. Sunan ya girmi sana'ar.

Mahaifiyarsa Tahira wabi ta yi ta yi. Ta haifa, yaro ya fara wayo, ya koma. Haka har sau huɗu. Da aka haife shi, tsofaffin mata suka yi abin da ake yi a wancan zamani: aka ɗauke shi aka ajiye a kan juji, kamar ba a so, wata maƙwabciya ta zo ta tsince shi. Daga ranar aka ce masa Ajuji, uwar kuma ta hana kowa ambaton wani suna bayan wannan. Uban ya rasu yaron yana rarrafe. Tahira ta goyo shi daga ƙasar Bagwai ta dawo gidan 'yan'uwanta a nan, ita ma ba ta daɗe ba ta bi mijin. Kawunnansa suka riƙe shi, su kuma Ajuji kawai suka sani. Ya girma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, gemu ya yi fari, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya.

Sai da matar ɗansa Ado, wato Aina'u, ta haifi namiji. Ado yaron kirki ne. Ya ce sunan babansa zai sa, ya ɗauki goro ya tafi wajen Liman.

Liman ya ce masa, “Ado, Ajuji ba suna ba ne, laƙabi ne. Suna shi ne wanda uba ya zaɓa, aka raɗa wa jariri a kunne, aka yanka dabba a kansa, jama'a suka shafa fatiha. Laƙabi kuwa mutane ke liƙa maka, ko don kamanninka, ko don sana'arka, ko don wani abu da ya faru. Ba zan tsaya gaban mutane in ce an sami Ajuji ba. Je ka tambayo sunan yankansa.”

Ado ya je ya tambaya. Uban ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce bai sani ba.

Liman ya nemi ya sauƙaƙa. Ya aika aka kira Ajuji, ya ce ai an gaya masa ranar ɗaurin aurensa da sunan Muhammadu tsohon liman ya kira shi, sai a sa wa yaron haka, a huta.

Ajuji ya ce, “Allah gafarta Malam, wannan suna ya fi ƙarfin in raina shi. Amma aro aka yi mini ranar, kamar babbar riga. Da aka watse na mayar. In yaron nan takwarana ne, to a sa masa nawa. In babu, a sa masa na kakansa na wajen uwa.”

Da maganar ta tsaya nan, da da sauƙi. Amma washegari a teburin mai shayi, Sama'ilu ya saki baki. Sama'ilu ɗan kawun Ajuji ne, taubashinsa, gida ɗaya suka tashi, kullum cikin tsokanar juna suke.

Ya ce, “Ku daina wahalar da Liman. Wa ya ce muku an yanka wa bawan nan nawa wani abu? Ko ɓera ba a yanka ba! A juji aka tsinto shi, a juji yake ci, me zai yi da suna?”

Aka kwashe da dariya. Kowa na jiran Ajuji ya rama, don shi ma bakinsa ba ya kwana in dai da Sama'ilu ne. Sai ya ajiye kofin shayinsa da saura, ya sa takalmi ya tafi. Sama'ilu ya bi shi da “Kai, wasa fa nake!” Bai waiwayo ba. A wajenmu a ce ba a yi wa mutum yanka ba magana ce mai nauyi. Tana nufin ba uban da ya tsaya ya ce wannan nawa ne.

To shi ya sa da ya tare ni a kan juji ban tambayi komai ba. Suna ya matso, jibi ne. Ya kai jakunan gida ya ɗaure, ya sauya riga, ya ƙulla goro a leda, muka kama hanya.

Mun bi ta wajen Bichi. Babur ɗina tsoho ne, ba ya son nauyin mutum biyu, sai lallaɓawa. A hanya ne ya gaya mini wajen wa za mu. Ya ce matar da ta tsince shi sunanta Kulu, a lokacin amarya ce a gidan da ke jikin nasu, a wani ƙauye Tudun Kanya. Rabonsa da ita tun yana saurayi. Bara ya ji daga wani mai sayar da rake cewa tana nan da rai.

Na ce, “To duk shekarun nan me ya hana ka zuwa ka tambaye ta?”

Muka wuce wata gada. Sannan ya ce a bayan kunnena, “In na je ta ce ba a yanka ba fa? Da ban sani ba, ina iya cewa wataƙila.”

Na dai ƙara wuta.

Rana ta take muka isa Tudun Kanya. Muka yi sallama a zaure, wata matashiyar mace ta leƙo, Huseina, matar jikan tsohuwar. Ta ce mazan gidan duk suna wajen noman rani, amma bari ta fito mana da Inna. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, can sai ga ta riƙe da hannun wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa. Idonta ya yi fari, ba ta gani sosai, amma ta ƙi rabuwa da faifanta na gyaɗar iri da take ɓarewa. Ta zauna ta ɗora shi a cinya.

Ta ce, “Su wane ne?”

“Ni ne, Inna. Ajuji, ɗan Tahira.”

Hannunta ya tsaya. “'Ya'yan Tahira duk sun koma, sai ɗaya. Matso in ji.”

Ya durƙusa a gabanta, dattijo da furfurarsa. Ta laluba fuskarsa, ta kama kunnensa na hagu, ta shafa wani ɗan tsagi da ke gefensa. Na sha ganin tsagin nan, na ɗauka ko jaki ne ya taɓa cizonsa.

Ta ce, “Ja'iri! Kai ne. Ni na riƙe kan nan wanzami ya yi wannan. Tsintuwata! Sai yanzu ka ga damar zuwa, da ka ji na kusa tafiya? Ina ladan tsintuwa?”

Ya zuba mata goro a faifai. Ta ɗauki ɗaya ta sunsuna, ta ce, “Ka kawo wa marar haƙori goro. Haka ubanka yake, kirki ba dabara.”

Aka gaisa, aka tambayi na gida, aka yi wa matattu addu'a. Ajuji ya yi ta kewaye-kewaye, ruwa, zafi, tsadar taki. Da na ga zai cinye mana rana, na ce, “Inna, jika aka yi masa, jibi suna. Ana so a sa sunansa. Tambayarsa ita ce, da aka haife shi an yi yanka ko ba a yi ba?”

Ta juyo wajen muryata. “Wannan kuma wane ne marar ta-ido?”

“Maƙwabcina ne, magini.”

“Ya yi kama da su.” Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. “Wane ɗan banza ne ya ce ba a yi ba? An yi mana. Taure ne, ja, ramamme, shi kaɗai ubanka ya mallaka. A bayan rumbu aka yanka shi da sassafe, daga liman sai ubanka sai mutum biyu. Ba maroƙi, ba kiɗa, ba guɗa, wai don kada a ji an samu a zo a ɗauke. Rashin sani ne irin na da, Allah ya yafe mana, rai ai na Allah ne. Amma yanka an yi shi. Ni na wanke hanjin. Uwarka tana ɗaki tana kuka, ta ƙi cin ko tsoka ɗaya, ni na cinye rabonta.”

Na dubi Ajuji. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya shafa kansa da hannu biyu, ya sauke wani dogon numfashi kamar wanda aka sauke wa buhu. Bakinsa na motsi, ina jin hamdala yake yi.

Can ya ce, “To Inna, wane suna aka sa?”

Sai tsohuwa ta yi tsit. Ta kawar da kai gefe. Na ce a raina shi ke nan, tsufa ya cinye shi, mun zo a makare. Na ga kafaɗun Ajuji sun sake zubewa.

Ya ce a hankali, “Ba komai, Inna. In kin manta, abin da kika faɗa ma ya isa.”

Ta ce, “Mantawa? Ni? Ban manta ba. Faɗa ne ba zan yi ba. Ubanka sunan amininsa ya sa maka. Mai gidan nan.”

Sai a lokacin na gane. Sunan mijinta ne. Matan zamaninsu ba sa kama sunan miji, ko da wasa, ko a bayan idonsa.

Ajuji ya juya wajen Huseina. Ta ce, “Wallahi Baba, ni ban tarar da shi ba. Mai Rake na ji ana ce masa, har 'ya'yansa 'ya'yan Mai Rake ake ce musu.”

Ga mu mun yi tafiyar rabin yini neman sunan mai laƙabi, mun tarar an ajiye shi a wajen wani mai laƙabin. Na ce, “Inna, ai ya daɗe da rasuwa. Sau ɗaya ne kawai.”

Ta ce, “Da ya rasu sai ya daina zama mijina? Tun ina da haƙora talatin bakina bai kama sunan nan ba, sai yau da ba ko ɗaya? Kai dai magini, an gina ka ba kunya.”

Huseina ta rufe baki tana dariya. Na yunƙura zan tashi in nemi wani dattijo a gari, sai tsohuwar ta ce, “Zauna. Ba a gidan wani za a ba shi sunansa ba, a nan aka sa shi. Tunda bakinka a sake yake, yi ta kira. Ni ina aikina.”

Na fara. Audu. Tana ɓara. Garba. Tana ɓara. Musa, Isa, Haruna, Idi, ba abin da ya canza, ɓawo na faɗuwa gefe, ƙwaya na faɗuwa faifai. Na ce Habibu, sai hannunta ya ɗan tsaya. Ajuji ya ɗago.

Ta ce, “Ba shi ba ne. Wannan na yaron nan ne, na farina. Wuce.”

Na wuce. Yakubu, Sale, Lawan, Yusufu, Ɗahiru. Sunaye suka fara ƙare mini, ban taɓa sanin sunayen maza ba su da yawa a kaina ba sai ranar. Huseina ta raɗo mini biyu, ba su ba ne. Na tuna wani mai kawo mana yashi a Gezawa, na ce, “Zubairu.”

Gyaɗar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Ta jawo gyalenta ta rufe fuska har ido, ta juya ta fuskanci bango, ta sunkuyar da kai. Tsohuwar da ta ga tattaɓa-kunne, ta koma amarya a gabanmu. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni dai ban taɓa jin amsar da ta fi wannan fitowa fili ba.

Ajuji ya ce, “Zubairu,” can ƙasa-ƙasa, kamar mai ɗanɗana miya. Ya sake faɗa. Daga cikin gyale tsohuwar ta ce, “To ya isa haka, kada ka tsufar mana da shi.”

Da za mu tafi ta kama hannunsa ta zuba masa gyaɗar iri cike da tafi, ta ce a shuka wa takwara. A bakin masallacin garin muka tarar da wani tsohon ladani yana gyangyaɗi a inuwa. Ajuji ya ce in tsaya. Ya gaishe shi, ya tambaye shi sunan marigayi Mai Rake.

Ladanin ya ce, “Zubairu ke nan, Allah ya ji ƙansa. Akwai ma wani yaro da aka sa wa sunansa a ɓoye, uwar ta tafi da shi wajen Ɗanbatta. Ko ya rayu, oho.”

Ajuji ya ce, “Ya rayu.”

A hanyar dawowa babur ya mutu mana sau biyu, muka yi ta turi cikin rana. Ko tsaki bai yi ba. Har waƙa na ji yana yi.

Ranar suna bayan asuba aka taru a ƙofar gidan Ado, aka raba goro da dabino. Sama'ilu ne ya riƙe ƙafafun ragon, ba wanda ya sa shi. Liman ya ɗaga murya ya ce an sami Zubairu, sunan kakansa na wajen uba, Allah ya raya. Mutane suka shafa, sannan suka juya suna kallon Ajuji kamar baƙo. Yana zaune a gefen tabarma cikin farar riga, ya kasa ɗaga kai.

Sama'ilu ya miƙe yana goge hannu, ya ce, “Wai Zubairu! Suna kamar na mai kanti, a jikin mai jaki. Bawana, ashe taure aka yanka maka? Shi ya sa kake da taurin kai.”

Ajuji ya ce, “Kai da aka yanka wa rago me ya ƙara maka? Har yau ba ka iya ɗaure mangala ba.”

Aka yi dariya, wannan karon har da shi.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ba ni dariya. Kafin rana ta yi zafi sunan ya sake ɓuya. Ado ba zai iya kiran ɗansa da sunan ubansa ba. Aina'u ba za ta kama sunan surukinta ba. Matar Ajuji kuwa da aka gaya mata sunan, ta ce to ita ma daga yau ya haramta a bakinta. Mata suka taru a ɗakin mai jego suka ce Abba za a riƙa ce wa yaron. Sunan da muka tura babur muka ɗauko daga Bagwai bai yini a waje ba.

Da yamma na tambaye shi ko mu koma ce masa Malam Zubairu.

Ya ce, “Wa zai amsa? Ku bar ni da Ajujina. Uwata ta sa mini shi don in rayu, ga ni. Wancan kuwa ubana ya tsaya ya sa mini, ban yi masa aikin komai ba tukuna. Sanin yana nan ya ishe ni.”

Haka aka ci gaba. Masu gona suna aikowa a kira Ajuji, yana zuwa. Taki bai canza ba, leda dai yana tsince ta da hannu. Gyaɗar Inna Kulu ya shuka ta a wasu 'yan kunyoyi bayan gidan Ado da ruwa ya sauka.

Bayan kaka na sami aikin gini a Gezawa wanda zai riƙe ni wata da watanni. Ranar da zan tafi, da sassafe ina ɗaure kayan aikina a bayan babur, sai ga shi ya koro jakunansa ta lungunmu, mangala cike. Da ya zo daidai katangar gidan Ado ya tsayar da su. A duk gidan shi kaɗai ne bakinsa ke da izinin kiran yaron da sunansa. Ya ɗaga ƙafa ya leƙa ta kan katanga, ya ɗaga murya yadda duk lungun zai ji.

“Zubairu! Kai Zubairu! Har yanzu barci kake, malalaci? Mu mun fita nema!”

Daga ciki na ji Aina'u tana dariya tana cewa, “Abba, ga mai sunanka nan ya zo tsokana.”

Ajuji ya gyara zaman mangalar jakin gaba, ya ɗan taɓa shi da sanda, suka nufi gona.